Ƙarfe yana suɓuce mini a hannu alhali baya da cinyoyi ba su gaji ba

Ɗan Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a harkar ɗaga ƙarfe. Ina atisaye a wani ɗan wuri da matasan unguwarmu suka haɗa a nan cikin birnin Katsina, inda yawancin nauyinmu siminti ne da aka zuba a gwangwani, sai wasu fayafan ƙarfe da muka samo wajen 'yan gwangwan. Matsalata ita ce, idan na zo ɗaga ƙarfe daga ƙasa, wanda ake kira dedlif, da zarar nauyin ya kai kimanin kilo 120, gwargwadon yadda muka auna a sikelin masu hatsi, sai sandar ta fara mirginawa daga tafin hannu zuwa kan yatsu, kafin in miƙe tsaye ta riga ta suɓuce, alhali ina ji a jikina cewa baya da cinyoyi suna da sauran ƙarfi.

Na sayi abin matsawar nan mai sifirin, ina matsa shi safe da yamma, amma ban ga wani canji ba idan na koma kan sanda. Wani abokina ya ce in sayi safar hannu, wani ya ce in nemi maɗaurin da ake naɗewa a wuyan hannu da jikin sanda, wani kuma ya ce maɗauri kayan ragwaye ne. Ina so a faɗa mini atisayen da yake ƙara ƙarfin riƙo da gaske, da kuma ko akwai aibi a amfani da maɗauri. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ɗan Wasa, Ƙofar Ƙaura, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da yake damunka yana samun kusan duk wanda ya fara ɗaga nauyi na gaske, domin tsokokin baya da na cinya manya ne kuma suna saurin ƙaruwa, yayin da tsokokin da suke lanƙwasa yatsu ƙanana ne, suna kwance tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma dogayen jijiyoyi ne suke kai ƙarfinsu har kan yatsu. Saboda haka dole wata rana manyan su bar ƙananan a baya.

Abin matsawar da ka saya bai yi maka amfani ba ne domin wani aiki dabam yake koya wa hannu. Shi yana koya wa hannu ya rufe da ƙarfi na ɗan lokaci kaɗan sannan ya buɗe, alhali abin da dedlif yake buƙata shi ne hannun da ya riga ya rufe ya ƙi buɗewa na tsawon daƙiƙa biyar ko goma ko fiye, a lokacin da nauyi yake ƙoƙarin ɓanɓare yatsu. Ban da haka, yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwa masu hannun roba suna da taushi ƙwarai, mutum yana iya matsa su sau hamsin yana hira, kuma abin da za ka iya yi sau hamsin ba ya ƙara maka ƙarfin ɗaukar nauyi. Akwai masu tauri na gaske irin su Captains of Crush da ake ƙerawa a Amurka, waɗanda lamba 3 a cikinsu sai ƙarfafan gaske suke iya rufe ta, amma ko waɗannan ƙari ne kawai, ba su ne tushen aikinka ba.

Ka lura da yadda sandar take guduwa. Idan tafukan hannunka biyu suna fuskantar jikinka, ƙofar yatsun duka tana gefe ɗaya, sai sandar ta sami hanyar mirginawa ta fita. Masu wannan wasa suna toshe hanyar ta hanya biyu. Ta farko ita ce riƙon saɓani, wato tafin hannu ɗaya ya fuskanci jikinka, ɗayan kuma ya fuskanci gaba, ta yadda idan sandar ta nemi mirginawa daga wannan hannun sai ta ƙara shigewa cikin wancan. Ta biyu ita ce riƙon ƙugiya, inda za ka fara naɗa babban yatsa a jikin sanda, sannan ka ɗora manuniya da yatsan tsakiya a kansa ka danne shi. Da shi masu ɗaga ƙarfe na gasar Olamfik suke riƙe sanda, cikinsu har da 'yan Nijeriya irin su Ruth Ogbeifo da ta ci azurfa a Sidni a shekarar 2000 da Mariam Usman da aka ba tagullar gasar Beijin ta 2008. Yana da zafi a babban yatsa a makonnin farko, ba zan ɓoye maka ba, shi ya sa ake fara koyonsa da ƙaramin nauyi, wasu kuma suna naɗa filasta.

Amma canza salon riƙo dabara ce ta kauce wa rauni, ba ta ƙara ƙarfin kansa. Ƙarfin yana zuwa ne daga riƙe sandar da kanta. Duk zagayen share fage da kake yi da ƙaramin nauyi, ka yi su da riƙo na yau da kullum, tafuka biyu suna fuskantarka, kada ka koma riƙon saɓani sai nauyin ya kai inda hannu zai saki. A ɗagawa ta ƙarshe ta kowane zagaye, idan ka miƙe tsaye, kada ka yi saurin ajiyewa, ka tsaya riƙe da sandar daƙiƙa 10 zuwa 15 kana matse ta kamar za ka bar shatin yatsunka a jikinta. Bayan ka gama atisayen ranar, ka rage nauyin zuwa abin da za ka iya riƙewa daƙiƙa 20 zuwa 30, ka riƙe shi a tsaye sau uku da hutu a tsakani, kuma duk ranar da ka wuce daƙiƙa 30 ba tare da wahala ba sai ka ƙara kilo 5. Sau biyu a mako ya isa.

Game da safar hannu, ka bar kuɗinka a aljihu, domin tana ƙara wa sanda kauri kuma tana zamewa tsakanin fata da ƙarfe. Maɗauri kuwa ba kayan ragwaye ba ne. Eddie Hall na Ingila da maɗauri ya ɗaga kilo 500 a shekarar 2016, haka ma Hafthor Bjornsson da ya ɗaga kilo 501 a 2020, domin dokar gasar ƙarfafan mutane ta yarda da shi, ko da yake an hana a gasar fawaliftin, wato wata gasar ɗaga ƙarfe da dedlif yake cikinta. Ra'ayina shi ne ka yi amfani da shi a zagaye ɗaya ko biyu mafi nauyi kawai, domin kada raunin yatsu ya hana bayanka samun aikin da ya kamace shi, sauran aikin kuma ka yi da hannu zalla.

Mai Walda, Daura, ya amsa:

Yallaɓai na Ƙofar Ƙaura ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ban yarda da shi ba a kan maɗauri, a ƙalla ga wanda yake kilo 120. Waɗancan mutanen da ya ambata suna ɗaga rabin tan ne, inda babu hannun ɗan Adam da zai tsaya daidai da bayansa, kuma sun gina riƙonsu shekara da shekaru kafin su kai nan. Abin da nake gani a wurin da muke atisaye a nan Daura shi ne, yaro yana sayen maɗauri da niyyar zagaye ɗaya, bayan wata biyu sai ka tarar da shi yana ɗaurawa ko da zai ja sandar da babu komai a kanta, domin jiki yana son sauƙi. Ni da zan ba da shawara, sai in ce ya jinkirta saye har riƙon saɓani ma ya gaza masa.

Abin da na fi amincewa da shi shi ne tafiya da kaya a hannu biyu. Jarka mai lita 25 idan an cika ta da ruwa tana da kilo 25, idan kuma busasshen yashi aka cika mata tana kaiwa kusan kilo 40. Ka ɗauki biyu, ɗaya a kowane hannu, ka miƙe ƙirji, ka yi tafiyar taku 40 ko 50, ka ajiye, ka huta, ka maimaita sau huɗu. Ka dubi hannun 'yan ga-ruwa da na leburorin da suke loda bulo a mota, ba su taɓa ganin abin matsawa mai sifirin ba, amma idan ka gaisa da ɗayansu za ka sani. Sai dai ka duba marikin jarkar da kyau kafin ka zuba yashi, domin tsohuwar jarkar da ta sha rana tana iya tsagewa ta faɗo maka a ƙafa, kuma idan marikin yana yankan yatsu ka naɗa masa tsumma.

Na biyu shi ne lilo a jikin ƙarfen da kuke jan jiki sama, ka saki nauyinka gaba ɗaya a kan hannu har ka kai minti ɗaya, idan ya zama wasa sai ka rataya tawul biyu ko igiyar guga mai kauri ka riƙe su maimakon ƙarfen. Babban yatsa kuma, wanda shi ne yake kulle riƙo amma ba a kula da shi, ka ƙarfafa shi da ɗaukar bulo mai inci 6 ta gefensa da 'yan yatsu kawai, ko ka haɗa fayafai biyu masu santsi ka matse su tsakanin babban yatsa da sauran huɗun.

Amma akwai tambayar da ba a yi maka ba tukuna, kuma a matsayina na wanda ya sha haɗa wa matasa irin waɗannan kaya, ita ce ta fara zo mini. Wace irin sanda kuke amfani da ita? Sandar gasa ta maza tana da kilo 20, kaurinta milimita 28, ta mata kilo 15 da milimita 25, kuma an yi musu zane mai kaushi a wurin riƙo. Mu kuwa da bututun ruwa muke haɗa yawancin namu, kuma bututun da ake kira mai inci 1 kaurinsa ta waje ya kai milimita 33 ko 34, mai inci 1 da kwata kuma ya kai 42, ga shi sumul kamar kwalba. Bambancin milimita biyar ko shida yana kama da ƙaramin abu a takarda, amma a hannu yana nufin yatsunka ba sa haɗuwa da babban yatsa yadda ya kamata. Ka naɗa zare a jikin sandar ka auna shi da rula. Idan ta gasa ce, zaren bai kai santimita 9 ba. Idan ya wuce 10, to wataƙila hannunka bai kai raunin da kake zato ba.

Ma'aikaciyar Gashin Ƙashi, Katsina, ta amsa:

Ni ba mai ɗaga ƙarfe ba ce, amma masu ɗagawa suna zuwa wurinmu idan abin ya ɓaci, don haka zan ƙara abin da ya shafi lafiya kawai.

Riƙon saɓani da Malam na Ƙofar Ƙaura ya bayyana yana aiki, sai dai hannun da tafinsa yake fuskantar gaba yana cikin haɗarin tsinkewar jijiyar ƙwanji a daidai inda take manne da ƙashi kusa da gwiwar hannu. Hakan yana faruwa ne idan mutum ya ɗan lanƙwasa gwiwar hannun yana fizgar nauyi daga ƙasa, kamar zai taimaka wa bayansa da ƙwanji. Wanda abin ya samu yakan ji wani abu ya tsinke, wurin ya kumbura ya yi duhu, tsokar kuma ta tattare ta hau sama, kuma galibi sai an yi tiyata cikin makonni kaɗan kafin jijiyar ta janye, don haka ba ciwon da za a tsaya ana shafa masa man zafi a gida ba ne. Kariyarsa ita ce hannu ya kasance a miƙe sarai daga farko har ƙarshe, a ja sandar a hankali har ta yi tauri kafin ta bar ƙasa, sannan a riƙa musanya hannun da ake juyawa a zagayen da ba su da nauyi sosai.

Abu na biyu shi ne yawan aikin. Na karanta shawarwarin da aka ba ka, kowace mai kyau ce, amma idan ka haɗa su duka a mako ɗaya, ka ƙara da matsa sifirin safe da yamma, to gwiwar hannunka ce za ta biya. Tsokokin da suke lanƙwasa yatsu da wuyan hannu suna haɗuwa a ɗan ƙashin nan da yake fitowa ta cikin gwiwar hannu, kuma jijiya ba ta saurin sabawa da sabon aiki kamar tsoka, domin jinin da yake isa gare ta kaɗan ne. Sai mutum ya ji tsokarsa ta ƙara ƙarfi cikin makonni, ya ƙara nauyi, alhali jijiyar ba ta iso wurin ba. Ka zaɓi atisaye biyu, ka yi su a ƙarshen atisayen ranar, sau biyu ko uku a mako, ka bar kwana ɗaya a ƙalla a tsakani. Ka kuma ba tsokokin da suke buɗe yatsu nasu rabon, ta hanyar sa robar ɗaure kuɗi a kan yatsu kana buɗe su, ko ka nutsa hannu a bokitin yashi kana warewa. Idan ka fara jin zafi a cikin gwiwar hannu lokacin da kake murɗa marfin kwalba ko gaisawa, ka rage aiki nan take. Idan kuma yatsu suna mutuwa ko suna yin kamar ana tsira allura, ko hannu ɗaya ya yi rauni kwatsam ba tare da dalili ba, wannan ya wuce batun atisaye, asibiti za ka je.

Fatar tafin hannu ma tana da nata haƙƙin. Ka ɗora sandar a gindin yatsu, kada ka cusa ta tsakiyar tafi, domin daga tsakiya za ta zame ƙasa ta tattaro fata ta matse, kuma haka kanta take yin tudu har ta yage. Bayan wanka, lokacin da fata take da taushi, ka goge kantar da dutsen goge kaushi har ta yi daidai da sauran fata, amma kada ka cire ta gaba ɗaya. A hunturu, da fata take bushewa tana tsagewa, ka shafa man kaɗanya da dare, ba kafin atisaye ba.

Mu ma a wurin aiki muna auna ƙarfin riƙo da wani ɗan ma'auni da ake matsewa, domin yana nuna ƙarfin jiki gaba ɗaya. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2015, a kan mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya nuna cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin riƙo tana tafiya da ƙarin haɗarin mutuwa na kashi 16 cikin 100. Wannan alama ce kawai ta yanayin jiki, ba ya nufin matsa sifirin zai ƙara wa mutum kwana.

Ɗan Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Yaya na Ƙofar Ƙaura, da Malam na Daura, da Hajiya. Na auna sandarmu da zare kamar yadda aka ce, zaren ya kai santimita 10 da rabi, kuma bututun ruwa ne mai santsi. Da na gwada riƙon ƙugiya a kanta, manuniya ce kawai take isa kan babban yatsa. Shin mu jefar da ita mu haɗa kuɗi mu nemi wata? Sannan yanzu da zafi ya shigo gumi yana jiƙa hannu, wasu a wurinmu suna shafa hoda, wasu suna daka allin makaranta, ban san wanne ne daidai ba.

Tsohon Ɗan Wasa, Ƙofar Ƙaura, ya sake amsawa:

Malam na Daura ya gano abin da ya wuce ni, kuma da wannan awon da ka kawo, zan sassauta a kan maɗauri in ce ka jinkirta shi har ka gwada kanka a sandar da ta dace. Santimita 10 da rabi yana nufin kaurin milimita 33 ko kusa da haka, kuma wanda ya riƙe kilo 120 a kan irin wannan bututu mai santsi zai riƙe fiye da haka a kan sandar gasa tun ranar farko.

Kada ku jefar da bututun. A ƙasashen waje mutane suna sayen sanda mai kauri da gangan, ko su sayi robar da ake sa wa sanda don ta ƙara kauri, saboda gina riƙo. Wani ƙaƙƙarfan mutumin Ingila na farkon ƙarni na 20, Thomas Inch, ya yi suna da wani ƙarfe na hannu ɗaya mai kilo 78 kawai, wanda ƙarti da yawa suka kasa raba shi da ƙasa, don kaurin marikinsa ya kai santimita 6. Saboda haka ku bar bututun don riƙon tsaye na daƙiƙa 20 zuwa 30 da na faɗa maka, ku kuma nemi wata sandar don babban nauyi, tun da bututu mai rami a ciki yana iya lanƙwashewa idan nauyi ya ci gaba da hawa. Idan sandar gasa ta fi ƙarfin aljihunku, ku nemi cikakken ƙarfe marar rami mai milimita 28 ko kusa da haka, ku kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe su yi masa zanen kaushi a wurin riƙo. Rodin gini mai milimita 25 bai dace ba, domin tudun jikinsa yana yage fata.

Hoda kuwa ku raba ta da hannu gaba ɗaya, domin santsi take ƙarawa, kuma masu gasar fawaliftin a cinya suke shafa ta don sanda ta zame sama da sauƙi. Allin da ake shafawa a hannu sinadarin magnisiyam kabonet ne, wanda masu wasan alkafura da masu hawan duwatsu suke amfani da shi, yana zuwa a dunƙule ko a gari ko na ruwa, kuma ana samunsa a shagunan kayan wasanni ko ta intanet. Allin makaranta wani sinadari ne dabam, ba ya shan gumi kamarsa, ko da yake ya fi hoda nesa ba kusa ba. Ɗan kaɗan ake shafawa a yatsu da gindinsu da babban yatsa, domin idan ya yi yawa sai ya taru ya zama shi ne yake zamewa. Kafin ku samu, ku ajiye tsumma biyu a wurin, ɗaya na hannu ɗaya na sanda, a goge kafin kowane zagaye, kuma a watannin Afrilu da Mayu da zafin Katsina yake haura digiri 40, ku mayar da ranar dedlif bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, kada a bar sandar a rana ta ɗauki zafi kafin a zo ɗagawa.